Daga Gidan Firimiya zuwa Samaru: Nazari a kan Rayuwar Aikin Farfesa Ishaya Audu

Gabatarwa

Duk wanda ya fito ta babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya tsallake titin nan da ya nufi Funtuwa da Sakkwato, to ya shiga garin Samaru ke nan. Faɗin titin bai taka kara ya karya ba, amma rayuwar da ake yi a wannan gefe dabam take da wadda ake yi a wancan. Akwai manyan malamai da suka yi shekara da shekaru a cikin jami'ar, amma ba abin da suka sani a Samaru in ban da kasuwa da rumfar bakanike. Wannan lacca ta shafi wani mutum ne da ya yi aiki a gefen titin duka biyu, watau marigayi Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci wannan jami'a daga 1966 zuwa 1975, Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983, wanda kuma ya ƙare kwanakinsa yana duba marasa lafiya a Samaru.

Ba tarihin rayuwarsa ba ne maƙasudi, balle yabo. Abin da ake so a duba shi ne wani irin aiki wanda ba shi da suna a cikin tsarin ma'aikatan gwamnati, ba a kuwa koyar da shi a aji, amma duk ɗalibin da zai riƙe makaranta ko asibiti ko wata ƙungiya nan gaba sai ya yi shi, ko yana so ko ba ya so. Aikin shi ne tsayawa tsakanin hukuma da wata ma'aikata ta jama'a, da neman kuɗi daga hannun waɗanda ba tilas ne su bayar ba.

Ma'anar ƙofa

Hausa tana da kalmar da ta dace da mai irin wannan aiki tun kafin zuwan Turawa. A tsarin sarautar Zazzau, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 a kan mulkin wannan ƙasa, hakimai a birni suke zaune, sai su aika da jakadu ƙauyuka su tattaro haraji. Dagacin da ke da magana ba ya tashi kai tsaye ya faɗa gaban Sarki, sai ya bi ta hannun wani mai sarauta wanda aka san shi ne ƙofarsa. Shi kansa Sarkin Zazzau yana da ƙofa a Sakkwato, watau Waziri. Ƙofa shi ya san lokacin da ya kamata a shigar da magana da lokacin da ya kamata a jinkirta ta, shi ya san lafazin da za a yi ta da shi, shi ne kuma yake komo da amsa, mai daɗi ko marar daɗi.

Matsayin yana da daraja, yana kuma da haɗari. In buƙata ta biya, Sarki ake gode wa. In ba ta biya ba, sai a ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Daɗin daɗawa, ƙarfin ƙofa ba nasa ba ne, na gidan da yake jingine da shi ne, ranar da gidan ya rushe ba wanda zai tsaya neman inda ƙyauren ya faɗi. Yana da kyau a riƙe wannan a zuci, domin har sau uku gidan da Ishaya Audu ke jingine da shi yana rushewa: a 1966, da 1975, da 1983.

Asali da karatu

An haife shi ranar 1 ga Maris 1927 a Anchau, gabas da Zariya, garin da ya yi suna daga baya saboda aikin yaƙi da ciwon barci, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Mahaifinsa yana cikin Hausawan da suka karɓi addinin Kirista. Mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birnin Zariya a 1905 ya koma Wusasa a 1929, a makarantar Wusasa kuwa Ishaya ya fara karatu. Wannan 'yar ƙaramar unguwa ta fitar da mutanen da yawansu ya fi ƙarfin girmanta. Daga cikinta Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko a Arewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A cikinta kuma Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara.

Daga Wusasa sai Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, sai Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, shekarar da aka buɗe ta, sa'an nan London daga 1951 zuwa 1954, inda ya zama likita. Ya ƙware a kan cututtukan yara, ya yi aikin gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Kafin ya zo Samaru yana koyarwa ne a makarantar likitoci ta Jami'ar Ikko.

Zamansa likitan Firimiya abu ne da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Likita yana ganin mai mulki a halin da ba wanda ke ganinsa, ba rawani, ba 'yan rakiya, kuma dole ya gaya masa abin da ba ya son ji, ya kuma kame bakinsa in ya fito. Wanda ya iya wannan ya riga ya koyi rabin aikin ƙofa. Kasancewar Bahaushe Kirista ne jikan Shehu Usmanu ya amince wa da lafiyar jikinsa, wannan ma shaida ce a kan yadda aka tafiyar da Jihar Arewa a wancan zamani.

Jami'a mai iyaye shida

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426. Ba daga fili aka fara ta ba, harhaɗa ta aka yi daga makarantun da suka riga ta: Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Samaru, da tashar binciken aikin gona wadda ke nan tun shekarun 1920, da gonar dabbobi ta Shika, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero. Shugabanta na farko shi ne Dokta Norman Alexander, mutumin Niyuzilan. (A Turance mataimaki ake kiran mai wannan kujera, amma a Hausance Shugaban Jami'a ya fi dacewa da shi, gama shi ke riƙe da ragama. Wanda ake ce wa Uban Jami'a sai ranar bikin ba da digiri ake ganinsa.) Uban Jami'a na farko Sardauna ne, kuma shi ya bambanta da sauran, domin baitulmalin Jihar Arewa a hannun gwamnatinsa yake. Muddin yana raye, jami'a ƙofa ɗaya take da ita, a Kaduna.

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. A ƙarshen watan Mayu, bayan Janar Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke jihohi ta mai da ƙasa dunƙule ɗaya, aka yi zanga-zanga a garuruwan Arewa, ɗaliban Samaru suna cikin waɗanda suka fita. Zanga-zangar ta rikiɗe ta zama kisan mutanen Gabas, aka kuma sake yin wanda ya fi shi muni a watannin Satumba da Oktoba. Sabon Garin Zariya, wanda tun isowar jirgin ƙasa wajen 1911 yake matattarar ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, ya wayi gari gidaje da kantuna da yawa ba masu su. Jami'a ta rasa ɗalibai, ta rasa akawuna da masu gyaran injuna da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje. A cikin wannan shekara ce aka damƙa ta ga likita mai shekara 39.

Bai daɗe da zama ba ita kanta Jihar Arewa ta tafi. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa, suka kuma fara aiki sosai ranar 1 ga Afrilu 1968. Gwamnoninsu su ne Usman Faruk a Sakkwato, da Abba Kyari a Kaduna, da Audu Baƙo a Kano, da Musa Usman a Maiduguri, da Joseph Gomwalk a Jos, da David Bamigboye a Ilori, uku 'yan sanda, uku soja. Dukiyar da ba ta rabuwa, irin su jaridar New Nigerian da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da Kwalejin Fasaha ta Kaduna da wannan jami'a, sai aka sa ta a hannun wata hukumar riƙon ƙwarya ta haɗin gwiwa wadda aka fi sani da ICSA. Ta haka jami'a ta tashi daga mai uba ɗaya ta koma mai iyaye shida, ga kuma Gwamnatin Tarayya a Ikko wadda ita ma take ba da nata kason, a lokacin da yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, yake cinye kuɗin ƙasa.

A nan ya kamata a yi bayanin yadda kuɗin jami'a yake, domin a nan ne wahalar take. Kashi biyu ne. Akwai kuɗin gine-gine da sayen manyan kayan aiki, wanda sau ɗaya ake kashe shi, a kuma ga abin da aka yi da shi. Akwai kuma kuɗin gudanarwa, watau albashi da abincin ɗalibai da wuta da ruwa da littattafai da magungunan gwaji, wanda kowace shekara sai an nemo shi, ba kuwa a yanka masa ƙyalle ko a kira makaɗa. Kowane mai mulki ya fi son na farko. Aikin Shugaban Jami'a shi ne ya sa a biya na biyun, a kan kari, daga baitulmali shida waɗanda kowannensu yana da nasa ramukan da bai cike ba, ga sababbin hedkwatoci da ake ginawa, ga hanyoyi, ga rijiyoyi.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi ta kuɗi zurfi. Jihar Kwara da Jihar Binuwai da Filato sun fi sauran yawan makarantun sakandare, saboda mishan sun daɗe da kafuwa a can, don haka 'ya'yansu sun fi yawa a cikin masu takardar shiga jami'a. Ba abin mamaki ba ne gwamnan da ke Sakkwato ko Maiduguri ya duba abin da jiharsa ke zubawa, ya duba yawan 'ya'yanta da ke Samaru, ya ga lissafin bai fita ba. In aka bar abin haka, wata rana zai janye hannunsa. In kuwa aka sassauta sharuɗɗan shiga don a faranta masa, digirin jami'ar ya zube a idon Badun da London. Mafitar da aka samu a zamanin Ishaya Audu ita ce Makarantar Share Fage a cikin harabar jami'a, inda ake ɗaukar yaro da takardar gama sakandare, a horar da shi har ya kai matsayin shiga karatun digiri. An soki wannan shiri, wasu suna cewa ba aikin jami'a ba ne ta koyar da darasin sakandare. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma masu yin ta ba su faɗi inda za a samo ɗaliban ba, ba su kuma faɗi abin da za a gaya wa gwamnoni ba. Dubban likitoci da injiniyoyi da alƙalai da manyan sakatarorin Arewa ta wannan ƙofa suka shigo.

Ta irin wannan hanya aka samu makarantar likitoci. An buɗe ta a 1967, tsakiyar rikici, ba asibitin koyarwa, ba kuɗin gina shi. Sai aka kafa Cibiyar Lafiya a 1968, ta karɓi asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi ta mai da su wuraren koyarwa. Gwamnati ta sami mai kula mata da asibitoci, jami'a ta sami gadaje da marasa lafiya, ba tare da an aza tubali ba.

Ba za a ɓoye ba, sanayya ta yi aiki. Shugaban ƙasa ɗan Wusasa ne, Shugaban Jami'a ɗan Wusasa ne, shekarun mulkinsu kuma suka zo daidai, 1966 zuwa 1975. Amma sanayya tana da iyaka. A watan Afrilu 1973 malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga yajin aiki a kan albashi, Gowon ya ba su zaɓi, ko su koma aji ko su kwashe kayansu daga gidajen jami'a. Suka koma aji. Shugabannin jami'o'i su suka zauna da malaman da aka ci wa fuska, su ne kuma gobe za su koma Ikko neman kuɗi wurin wanda ya ci fuskar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Kuɗin waje da sharuɗɗansa

Bahaushe yana bambanta bara da neman gudummawa. Bara ta mai neman abin kansa ce, tana kuwa zubar da girman mai girma. Amma dattijon da ya ɗauki littafi yana bin gidajen attajirai don rufin masallacin unguwa, ko wanda ya kira gayya don gyaran hanya, girmansa ƙaruwa yake yi, in dai an tabbata ba ya taɓa ko anini. Jarin mai wannan aiki amana ce, shaidar amana kuwa lissafi ne wanda kowa zai iya dubawa. Haka abin yake ko a gaban manyan gidauniyoyin duniya, sai dai su takardunsu sun fi yawa.

A shekarun da ake magana, jami'ar nan ta ci moriyar taimakon waje ƙwarai. Hukumar Amurka mai ba da taimako ga ƙasashen waje ta ɗauki nauyin haɗa Jami'ar Jihar Kansas da sashen aikin gona da na likitancin dabbobi a Samaru, ta kuma haɗa Jami'ar Pittsburgh da makarantar Kongo. Ingila ta aiko da malamai da masu bincike. Gidauniyar Ford ta biya kuɗin wani ƙaramin sashe na binciken tattalin arzikin karkara. Wasu daga cikin yarjejeniyoyin nan an ƙulla su tun kafin 1966, amma riƙe su a lokacin yaƙi, sa'ad da baƙi ke tunanin haɗa kayansu, da sabunta su in wa'adinsu ya cika, wannan ya faɗo a kan sabon shugaba ne.

Ya dace a tambaya, me aka saya da kuɗin? Misali biyu sun isa. Na farko, sashen nan da Gidauniyar Ford ta tallafa, a ƙarƙashin David Norman, ya bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, a 1966 da 1967, ana rubuta aikin da kowane gida ya yi a gona da abin da ya girbe. Kafin wannan lokaci malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya alamar rashin wayewa ce, suna ta kiran manomi ya shuka iri ɗaya a jere. Binciken ya nuna manomin ya fi su sanin abin da yake yi. Gonar haɗi ta fi ba da riba a kan kowace eka, ta fi biyan wahalar da aka sha a watannin noma lokacin da hannu ke ƙaranci, kuma in damina ta yi gardama ba a rasa duka. Wannan aiki na Samaru yana cikin tushen wani sabon salon binciken noma da ya bazu a duniya, wanda ke farawa da tambayar manomi kafin a ba shi shawara. Hanwa kuwa ga ta nan tsakanin Samaru da Sabon Gari, yau gari ya haɗiye ta.

Na biyu a asibiti ne. Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan Zariya fiye da yadda aka sani a wasu wurare. Da suka bi sawu sai suka danganta shi da al'adun jego, watau wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki har zuciya ta gaza. A wannan asibiti ne kuma Brian Greenwood ya yi shekara goma, daga 1970, yana binciken sanƙarau. Waɗannan cututtukan gida ne, ba wanda zai bincika su a London.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Taimakon waje yana zuwa da mutanensa, sau da yawa kuma da sharaɗin a sayi kaya daga ƙasar da ta bayar. Yana da wa'adi, shekara uku ko biyar. Mai bayarwa ya fi son sabon shiri da zai sa sunansa a kai, ba ya son biyan albashin direba ko kuɗin gyaran injin da ya kawo. Ranar da wa'adi ya cika, motoci da na'urori da ma'aikata duka sai su koma cikin kuɗin gudanarwa, watau kan iyayen nan shida. Saboda haka gwanintar mai neman gudummawa ba a yawan abin da ya karɓo take ba. Tana wurin sanin abin da gidansa zai iya ci gaba da ɗauka bayan baƙo ya tafi, da kuma dagewa a kan a tura 'yan ƙasa karatu mai zurfi don su gaji kujerun. Wannan na biyun an yi shi sosai, malaman gona da likitocin dabbobi da yawa na Samaru a Kansas suka yi digirinsu na ƙoli. Na farkon kuwa ba a iya cewa an yi nasara a kansa ba. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, masu taimako suka ga Nijeriya ta yi arziki suka janye, da farashin man ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai aka rasa mai gyara abin da suka bari.

A 1975 al'amura suka sauya gaba ɗaya. An hamɓarar da Gowon ranar 29 ga Yuli. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohi, kuɗi ya koma bi ta Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka ba ƙarfin doka a 1974. Aka kafa sababbin jami'o'i a Sakkwato da Maiduguri da Jos, kwalejin Kano ta kama hanyar cin gashin kanta, ta kuwa samu a 1977. A cikin wannan shekara ta 1975 Ishaya Audu ya bar kujera, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Jami'ar da ya bari ita ce mafi girma a Nijeriya a lokacin.

Ikko

Da aka dawo mulkin farar hula ya shiga jam'iyyar NPP, ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a zaɓen shugaban ƙasa na Agusta 1979. Sun zo na uku. Amma jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ba ta da rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba NPP kujerun minista, Harkokin Waje ta faɗo wa Ishaya Audu. A zamaninsa Zimbabuwe ta sami 'yanci a 1980, aka yi taron tattalin arziki na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Ikko a wannan shekara, aka yi rikicin iyaka da Kamaru a 1981, aka tura sojan kiyaye zaman lafiya Cadi. A zamaninsa ne kuma, a Janairu 1983, gwamnati ta kori baƙin da ba su da takardu, akasarinsu mutanen Gana. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ta ba da sanarwar, amma Ministan Harkokin Waje ne ya sha kallon maƙwabta.

Abin da aka fi muhawara a kansa shi ne na 1981. Yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta wargaje, NPP ta janye daga gwamnati, shi kuwa ya zauna a kujerarsa. Masu kare shi suna cewa hulɗar ƙasa da ƙasashen waje ba abin da za a yar ba ne don 'yan siyasa sun ɓata. Masu sukarsa suna cewa da sunan jam'iyya ya shiga, da sunanta ya kamata ya fita. Maganar masu suka ta fi nauyi, domin kujerar ba don iliminsa kaɗai aka ba shi ba, rabon jam'iyya ce. Sai dai wanda ya duba tarbiyyar aikinsa ba zai yi mamaki ba. Mutumin da ya saba yi wa ma'aikata hidima a ƙarƙashin kowace gwamnati ta zo, da wuya ya ɗauki jam'iyya da irin nauyin da 'yan siyasa ke ɗaukarta. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, aka tsare shi tare da sauran manyan Jamhuriya ta Biyu, daga baya aka sake shi.

Komawa Samaru

Yawancin waɗanda suka riƙe irin muƙamansa Kaduna suke zama, ko Ikko, ko su nemi aiki a wata hukumar duniya. Shi Samaru ya koma, yana duba marasa lafiya a asibitinsa mai suna Savannah, ya kuma kafa majami'a yana yi mata jagora.

Sai an san Samaru za a gane nauyin wannan. Gari ne da ya tsiro don hidimar tashar gona da kwaleji da jami'a, mazaunansa leburori ne da masinjoji da kuku da direbobi da 'yan kasuwa, da ɗaliban da ba su sami ɗaki a ciki ba, daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, yana kuma da masu unguwanni a ƙarƙashin masarautar Zazzau, amma da yake yawancin mutanensa baƙi ne, mai matsala yakan kai ta wurin limaminsa ko fastonsa, ko shugaban ƙungiyar 'yan garinsu, ko wani dattijo da aka yarda da shi. Asibitin koyarwa a lokacin yana can Tudun Wada, tafiyar mil da dama ga uwar da ɗanta ke suma da tsakar dare. Shekarun kuma masu tsanani ne. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magani ya yi tsada, ƙwararrun likitoci suka yi ta tafiya Saudiyya da Turai. A watan Mayu 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Samaru. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da yawa, har da na Samaru da Wusasa. Bahaushe Kirista, wanda yarensa da al'adarsa na ɓangare ɗaya ne, addininsa na ɗaya ɓangaren, a irin wannan rana ba ya da inda zai ɓuya, shi ne kuma wanda kowane ɓangare ke iya yi wa magana ba tafinta.

Irin wannan shugabanci ba a naɗa shi, ba ya kuma da albashi ko ranar ritaya. Sabon Gari ta san wani irinsa a wurin Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU tana yarinya, ta sha ɗauri sau da yawa, ba ta taɓa riƙe ma'aikata ba, amma gidanta ya zama wurin da marayu da marasa galihu ke samun tuwo har ta rasu a 2001. Ita ta hanyar faɗa da hukuma ta sami amincewar jama'a, shi kuwa rayuwarsa duka a cikin hukuma ya yi ta, sai da ya tuɓe rigar muƙami ya zauna inda mai goyo za ta iya sallama ta shiga. Likitan yara yana da wata dama a nan wadda minista ba ya da ita, domin uwar da aka ceto ɗanta ba ta tambayar jam'iyyar likita ko addininsa.

Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2005 yana da shekara 78. A watan Nuwamba na wannan shekara aka buɗe mazaunin dindindin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, mil kaɗan gaba da Samaru a kan titin Funtuwa, ginin da aka fara tun cikin shekarun 1970 don makarantar likitocin da aka buɗe a 1967.